Ɓarawon da ke Neman Makulli ta Waya

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki a Babbar Kasuwar Katsina ya koma cikin waya. Mai atamfa da mai hatsi duk sun buɗe asusu, kowa na jiran alat kafin ya miƙa kaya. Inda kuɗi suka koma, can ɓarawo ya bi su, sai dai wannan ba ya fasa shago. Sallama yake yi, ya roƙi mai shago makulli.

Dabararsa ita ce ya hau kan labarin gaskiya. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya umarci a haɗa asusu da lambar BVN ko NIN. Saboda haka idan saƙo ya shigo cewa za a rufe asusunka yau, sai gabanka ya faɗi, domin ka taɓa jin makamancin haka a rediyo. Saƙon na ɗauke da adireshin intanet mai kai mutum wani shafi da aka yi wa ado da tambarin banki, a nemi lambar kati da lambar sirri. Wani lokaci kuma kira ne, cikin ladabi da Hausa mai daɗi, har a faɗi cikakken sunanka. Sanin suna ba shaida ba ne. Duk wanda ka taɓa tura wa kuɗi ya gan shi.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lambar OTP, domin daga bankin take zuwa da gaske. Dalili kuwa, ɓarawon ya riga ya fara cire kuɗin, banki ya aiko maka lambar don ka tabbatar. Kana karanta masa ita, ka sa hannu ke nan. Babu bankin da ke tambayar wannan lamba, ko lambar sirrin kati.

Kada ɗan boko ya ɗauka 'yan kasuwa kaɗai ake farauta. Ɗalibai ma ana ɗana musu tarko da fom ɗin tallafin karatu na bogi a WhatsApp.

Duk mai kiran da ya ce yanzu-yanzu, a katse shi, a kira lambar da ke bayan kati ko a taka zuwa reshen banki. Wanda kuma aka riga aka damfara, kada kunyar maƙwabtan shago ta sa ya yi shiru: ya sa a toshe asusun nan take, sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.