Benis da Garuruwan da Baƙi Suka Rinjayi 'Yan Gari

A 1951 mutanen da ke zaune a tsohon birnin Benis na ƙasar Italiya sun kai kusan 175,000. A 2022 adadin ya faɗo ƙasa da 50,000. Ba yaƙi aka yi ba, ba kuma annoba ce ta ci su ba. Ƙaura suka yi, gida bayan gida, alhali birnin bai taɓa cika maƙil da jama'a kamar yanzu ba. Miliyoyin 'yan yawon buɗe ido ke kwarara duk shekara don ganin garin da hanyoyinsa ruwa ne, motocinsa kwalekwale.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A Benis lissafin ya juye: baƙo ɗaya na tafiya wani na maye gurbinsa, ɗan gari ne ke bushewa.

Tushen farko na wannan tururuwar baƙi shi ne arahar tafiya. Ƙididdigar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 1950 tafiye-tafiyen baƙi tsakanin ƙasashe ba su wuce miliyan 25 ba. A 2019 sun kusa biliyan ɗaya da rabi. Da Tarayyar Turai ta buɗe sararin samaniyarta ga gasar kamfanoni a shekarun 1990, irin su Ryanair suka karya farashin tikiti, har ma'aikaci a Landan ya iya yin hutun ƙarshen mako a Italiya. Airbnb ya zo a 2008 ya mayar da ɗakin kwanan mutum masaukin haya. Instagram ya biyo baya a 2010, shi kuma ya sauya dalilin tafiyar kanta.

Wannan na ƙarshen ya fi ban mamaki. Da can matafiya kan bazu cikin gari, yanzu kowa hoto ɗaya yake nema a tsaye a wuri ɗaya. Halstat, wani ƙauye ne a bakin tafki a Ostiriya da mutanensa ba su kai 800 ba, amma a lokacin cunkoso yakan karɓi baƙi har 10,000 a yini. A 2023 hukumar ƙauyen ta kafa shingen katako a inda ake ɗaukar hoto, bayan 'yan kwanaki ta cire. A Japan ma, garin Fujikawaguchiko ya rataya baƙin labule a 2024 don tare kallon Dutsen Fuji daga gaban wani kanti, saboda masu hoto sun hana mutane bin titi. Ba a jima ba aka fara huda labulen.

Amma ɗora wa baƙi laifin komai rashin adalci ne. Mutanen Benis sun fara tsallakawa zuwa Mestre, a kan tudu, tun kafin wannan tururuwar, don neman gidaje masu bushewa da aikin masana'antu a Marghera. Ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, da ruwa ya hau santimita 194, ta ƙara kora wasu. Yawon buɗe ido ya tarar da gidaje babu kowa ne ya shige, daga nan ya hana a dawo. Mai gida ya ga abin da zai samu a mako ɗaya daga baƙi ya kusa hayar wata guda ta ɗan gari, wa zai ba shi laifi? Haka mai burodi da mai gyaran takalmi suka bar wa mai sayar da tsaraba rumfa, makarantun unguwa suka rasa yara.

Amfanin kuwa ba a musunsa. Lokacin kullen korona a 2020 ruwan birnin ya kwanta ya yi garau, duniya ta yi ta yaba hotunan, amma masu tuƙa kwalekwale da ma'aikatan otal sun zauna ba ko sisi. Garin da ya jingina da sana'a ɗaya ba ya iya korar mai ciyar da shi.

A ganina, yawan baƙi ba shi ne ainihin ciwon ba, irin baƙin ne. Mafi yawan masu shiga Benis ba sa kwana. Su zo da safe da guzurinsu, su cika dandalin San Marko da gadar Riyalto, su bar shara, la'asar su juya. Nauyinsu na kan gari, kuɗinsu na aljihun kamfanin da ya kawo su. Kan irin waɗannan baƙin ne hukumomi suka fi matsawa. Daga 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen ruwa na shaƙatawa ratsa tsakiyar birnin, bayan UNESCO, wadda ta sa Benis cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, ta yi barazanar saka shi a jerin waɗanda ke cikin haɗari. A 25 ga Afrilu 2024 aka fara karɓar Yuro 5 daga duk mai shiga ya fita a yini ɗaya, a ranaku 29 na shekarar. An kuma taƙaita ayarin da ɗan jagora zai ja zuwa mutum 25, aka hana shi lasifika.

Kuɗi sun shigo, sama da Yuro miliyan biyu, amma cunkoson bai ragu yadda za a gani ba. Wanda ya biya jirgi daga Amurka ko Sin, Yuro 5 ba za ta mayar da shi gida ba. A 2025 aka ƙara ranakun zuwa 54, aka ninka kuɗin ga wanda bai yi rajista da wuri ba. Masu adawa a cikin garin na cewa tikitin shiga ya tabbatar da abin da suke tsoro, wato an mayar da mahaifarsu gidan kallo.

Basalona ta Sifen ta kama wata hanyar, wadda nake ganin ta fi taɓa inda ke ciwo. A Yunin 2024 magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar cewa ba za a sabunta lasisin gidajen haya na baƙi kimanin 10,000 ba idan wa'adinsu ya cika a Nuwamban 2028, don gidajen su koma hannun mazauna. Masu gidajen sun ja daga, suna cewa otal-otal kawai za su ci riba, baƙin kuma ba za su fasa zuwa ba.