Yadda Damuwa Ke Sa Manomi Yanke Shawara Cikin Gaggawa

Ɗan'uwa manomi, idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ko mai bashin taki ya fara sallama a ƙofar gida, jikinka ma yana amsawa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadarai biyu cikin jini, adirenalin da kotisol. Na farko yana sa zuciya bugawa da sauri. Na biyu yana ƙara sukari a jini don ka samu ƙarfin fuskantar haɗari.

Ka lura saniyar da aka firgita ba ta sakin nono? Adirenalin ne ke hana nonon saukowa.

Wannan tsari yana da amfani ranar da ka yi kiciɓis da maciji a gona. Amma idan damuwa ta ɗauki watanni, barci yakan lalace, hawan jini ya samu ƙofa, garkuwar jiki ta yi rauni. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna riba da asara, shi ma aikinsa yana raguwa. Nan ne mutum zai karyar da hatsinsa da kaka, ko ya huce a kan iyali.

To, mene ne abin yi? Kada ka sayar ko ka ci bashi ranar da ranka ke ɓace, ka kwana tukuna. Ka kai maganar gaban 'yan ƙungiyarku. Ka riƙa zuwa awon jini. Idan rashin barci ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ka ga ma'aikacin lafiya.