Buguwar Ƙwaƙwalwa da Sinadaran Amino Asid: Darasi Daga Tsofaffin Sojoji Zuwa Gabashin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa da gwajin da ake yi wa sinadaran amino asid wajen magance shi, musamman ga tsofaffin sojojin Amurka. An auna sakamakon da yanayin Acida, Wurno, Rabah da Goronyo. Maƙalar ta nuna cewa hujjar da ke akwai ba ta kai a mayar da sinadaran magani na yau da kullum ba, kuma buƙatar farko a yankin ita ce gane raunin da raɗa masa suna.

1.0 Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan gabashin Sakkwato na fama da 'yan bindiga. Harin Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah a Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun ci gomman rayuka. Ana ƙidaya mamata da masu raunin harsashi, amma ba a cika ƙidaya wanda aka buga wa gindin bindiga a ka, ko wanda ya faɗo daga babur yana gudun tsira, ya suma, ya farfaɗo, ya koma gida ba. Sojojin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato, da jami'an tsaron al'umma da jihar ta ƙaddamar a 2024, da 'yan kabu-kabun hanyar Acida zuwa Goronyo, duk suna fuskantar irin wannan rauni.

2.0 Ma'anar Raunin

Likitoci na amfani da Ma'aunin Gilasgo na 1974, mai maki 3 zuwa 15. Ana kiran rauni ƙarami idan makin ya kasance 13 zuwa 15, suman bai wuce minti 30 ba, kuma ɗaukewar tunani ba ta zarce awa 24 ba. Sau da yawa hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna komai. Yawancin mutane kan warke cikin makonni, amma wasu kan daɗe da ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushi da rikicewar barci.

3.0 Dalilin Gwada Amino Asid

Amino asid su ne tubalan ginin furotin. Uku daga ciki, wato lusin, aisolusin da balin, ana kiran su masu reshe saboda fasalinsu, kuma da taƙaitaccen suna BCAA ake sayar da su. Jiki ba ya ƙera su, sai dai ya samu daga abinci. Ƙwaƙwalwa na amfani da su wajen haɗa gulutamet, mai zaburar da jijiyoyi, wanda daga gare shi ake samun GABA, mai kwantar da su. Buguwa na dagula daidaiton waɗannan biyu.

A 2010, masu bincike ƙarƙashin Akiva Cohen a Asibitin Yara na Filadelfiya sun gano cewa sinadaran uku sun ragu a sashen ajiyar tunani na ɓerayen da aka ji wa rauni, kuma da aka zuba musu su a ruwan sha, koyonsu ya gyaru. A 2013, Miranda Lim da abokan aikinta sun nuna cewa sinadaran sun rage wa irin waɗannan ɓeraye yawan gyangyaɗi, ta hanyar farfaɗo da jijiyoyin oreksin masu riƙe halitta a farke.

4.0 Gwaji a Kan Mutane

A 2022 aka wallafa gwajin share fage da aka yi a asibitin tsofaffin sojoji na Fotland a jihar Oregon. Mutum 32 masu daɗaɗɗen rauni aka ɗauka. Wasu suka sha giram 60 na BCAA kullum har kwana 21, wasu kuma aka ba su garin da babu sinadaran na musamman a ciki. An ga alamar sauƙin rashin barci, sai dai manufar gwajin ita ce a ga ko mutane za su jure shan garin. A 2024, wani gwaji a Filadelfiya kan 'yan shekara 11 zuwa 34 ya nuna alamun ciwo na raguwa gwargwadon yawan abin da aka sha, shi ma a kan mutane ƙalilan.

Akwai kuma NAC, dangin amino asid mai suna sistin. A binciken da Michael Hoffer ya jagoranta kan sojojin Amurka 81 da fashewar bam ta girgiza a Iraƙi, wanda aka wallafa a 2013, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi cikin awa 24 sun rabu da alamun ciwo a mako guda, alhali kashi 42 ne kacal daga waɗanda aka ba kwaikwayon magani da wuri. Darasin a nan shi ne lokaci: wanda ba a gano rauninsa a ranar farko ba ya rasa wannan dama.

5.0 Aunawa da Yanayin Yankin

Abu uku ya kamata a lura da su. Na farko, yawan da aka gwada ya fi ƙarfin tukunya, domin giram 60 na buƙatar nama fiye da kilo guda a yini. Gero da dawa na da lusin, haka ma nono, wake, ƙwai da kifin madatsar Goronyo. Cin su na taimakon mai jinya, amma ba daidai yake da gwajin Fotland ba. Na biyu, garin BCAA na kanti an tanade shi ne don masu motsa jiki, kuma yana iya rage ƙarfin lebodofa, maganin ciwon karkarwa, don haka shan sa ba da shawarar likita ba ganganci ne. Na uku, babu garin da ke tsayar da zubar jini a cikin ƙoƙon kai. Amai a kai a kai, ciwon kai mai tsananta, farfaɗiya, mutuwar ɓarin jiki ko barcin da ba a iya tayarwa, duk suna wajabta garzayawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa.

6.0 Matsalar Suna

Nan ne aikin manazarta Hausa ya shigo. Harshen na da suma, jiri, hajijiya da rotse, amma kowace kalma alama ɗaya ko raunin waje take nunawa. Idan halin mutum ya sauya wata biyu bayan buguwa, akan danganta shi da iska, sammu ko taɓin hankali. Na ƙarshen na ɗauke da tsangwama, har jin sunan asibitin Kware kan sa iyali su ɓoye majinyaci. Wannan maƙala na ba da shawarar "buguwar ƙwaƙwalwa", domin ta haɗa sanadi da gurbi, kuma ba ta jingina wa mutum hauka ba.

7.0 Kammalawa

Binciken amino asid na da alamar nasara, amma yana matakin farko, a kan ɓeraye da mutane 'yan kaɗan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ciwo ba shi da suna, nan mai tallar gari ke samun kasuwa. Abin da ya fi gaggawa a Acida da maƙwabtanta shi ne likitoci da masana harshe su daidaita kalma, a yaɗa ta ta rediyo da masallatai, sannan ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar duk wanda ya tsira daga hari ko hatsari ko ya bugu a ka.