Kada Yatsa Ya Riga Ka: Yadda Ake Hana Imel Tafiya Ba A Gama Ba

Duba gefen dama na allon rubutun kwamfutarka. A yawancin kwamfutoci maɓallai uku ne a jere, wani ƙarƙashin wani: Enter a sama, Shift a tsakiya, Ctrl a ƙasa. In ka danna Shift da Enter tare, sabon layi za ka samu. In kuwa yatsa ya ɗan zame ƙasa ya haɗa Ctrl da Enter, alhali kana cikin Gmail ko Outlook ko Thunderbird, to wasiƙar da kake rubutawa ta tafi ke nan, ka gama ko ba ka gama ba.

Sana'ata koyar da kwamfuta ce tsakanin Isa da Sabon Birni. Ɗalibaina ba 'yan makaranta kaɗai ba ne. Akwai malaman asibiti masu aika rahoton rigakafi zuwa Sakkwato, akwai magatakarda, akwai matasan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka su rubuta sunayen 'yan gudun hijira. Kusan dukkansu a WhatsApp suka fara rubutu, kuma a WhatsApp na kwamfuta da Shift da Enter ake sauka layi, don haka hannunsu ya riga ya saba da wannan kusurwar. Waɗanda suka koyi Word kuma sun san Ctrl da Enter a matsayin hanyar buɗe sabon shafi. Maɓallai iri ɗaya, aiki daban, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu.

Wata rana wata ɗalibata tana shirya wa ofishinsu rahoto. Ta liƙa takardar sunaye, ta rubuta sallama da layi biyu, ta kai ƙaramin yatsanta za ta sauka layi. Sai na ji ta ce, "Malam, ya tahi! Wallahi ban ƙare ba ya tahi!" Na ce, "Ɗiyata, wa kika sa a adireshi?" Da muka duba, ashe harafi biyu kawai ta buga, manhajar ta cika mata sunan wani mai irin sunan shugabanta, ita kuma ta bari sai ta gama ta gyara. Allah Ya sa mutumin kirki ne, da aka kira shi ya goge. Amma takardar na ɗauke da sunayen mutane da ƙauyukansu da lambobin wayarsu.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da nauyi ke nan. A wani wuri, imel ɗin da ya kuɓuce abin kunya ne kawai, a ba da haƙuri a wuce. A ƙasar Gobir ta yau ba haka ba ne. Kowa ya san yadda 'yan bindiga ke rayuwa da bakin masu kai musu rahoto. Jerin waɗanda za a raba wa tallafin kuɗi, ranar da ma'aikata za su bi hanyar Goronyo ko ta Shinkafi, sunayen 'yan sa-kai na wani ƙauye, duk waɗannan a imel suke yawo yanzu. Magana zarar bunu ce, kuma rubutacciya ta fi ta baki wuyar janyewa.

Kada a ɗauka sai marasa ƙwarewa abin ke samu. A watan Satumba na 2021, bayan Taliban sun karɓe Kabul, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta aika imel ɗaya ga 'yan Afganistan sama da 200 da suka yi mata aiki suke neman a kwashe su, aka bar adireshin kowa a fili, kowa na ganin na kowa. A Disambar 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar ma'aikatar fam 350,000. Can ba gajeriyar hanyar maɓalli ce ta jawo ba, amma ciwon ɗaya ne: saƙo ya fita kafin ido na biyu ya duba shi. Mu ma a Najeriya tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da sunayen mutane alhakin tsare su.

Ni dai ban yarda da nasihar "a riƙa kula" ba. Mutumin da ke rubutu da sauri don batir na gab da mutuwa, ko janareta zai tsaya, ba kula ce ta yi masa ƙaranci ba. Na'urar ya kamata a gyara, kuma gyaran bai kai minti biyar ba.

Mai amfani da Outlook na kwamfuta ya shiga File, ya zaɓi Options, sannan Mail. A sashen aika saƙo zai ga wani ɗan akwati da ke cewa Ctrl da Enter na aika wasiƙa. Ya cire alamar. Sai dai akwai tarko na biyu da wannan bai rufe ba: Alt da S ma aikawa suke yi, ga shi kuwa Ctrl da S ake dannawa don adana rubutu. Maganin wannan shi ne a kafa doka a sashen Rules wadda za ta riƙe kowace wasiƙa na minti ɗaya ko biyu kafin ta fita. Outlook na yarda a jinkirta har minti 120. Thunderbird ya fi sauƙi, domin a saitin rubuta wasiƙa akwai zaɓin ya tambaye ka tukuna duk sanda ka aika da maɓalli. Abin takaici, mutane da yawa su da kansu suke kashe tambayar ranar farko da ta fito, don ta dame su.

Gmail, wanda shi ne na mafi yawan mutanenmu, ba ya ba ka damar kashe Ctrl da Enter. Abin da yake da shi jinkiri ne mai suna Undo Send, wanda Google ya fara gwadawa a 2009 ya tabbatar da shi a 2015. Yana zuwa a kan daƙiƙa 5. Daƙiƙa biyar kuwa kafin ka gama salati ta wuce. Ka danna alamar saiti a sama, ka shiga General, ka mayar da shi 30, ka sauka ƙasa ka adana. Wannan gyaran yana bin asusunka ne, ko a shagon wa ka buɗe shi zai yi aiki, saɓanin na Outlook da ke zaune a kwamfutar da aka yi shi. A fahimta da kyau: Gmail ba ya dawo da wasiƙar da ta isa, riƙe ta yake yi na wannan ɗan lokaci. Haka shi ma janye saƙo na Outlook, tsakanin ma'aikatan ofishi ɗaya masu tsarin Microsoft kawai yake aiki. Kada sabon da aka yi da gogewa a WhatsApp ya ruɗi kowa.

Raunin sabis ɗinmu ma yana da nasa hukuncin. Tun kafin a katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a Satumbar 2021, lokacin da mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar, mun saba da saƙo ya maƙale. Wasiƙar da ta kuɓuce ba sabis tana nan kwance a akwatin fita, Outbox. Wasu sai su ga ba ta tafi ba su yi hamdala su rufe kwamfuta, gobe sabis na dawowa ta fice. In haka ta same ka, ka fara katse intanet ɗin gaba ɗaya, sannan ka shiga akwatin ka goge ta ko ka gyara.

Dabarar da na fi dogara da ita kuwa ba ta buƙatar saiti ko kaɗan: adireshi shi ne abu na ƙarshe. Ka liƙa takarda, ka rubuta bayani, ka karanta, sannan ka sa sunan wanda za a aika wa, ka kuma karanta adireshin har ƙarshensa. Wasiƙar da ba ta da adireshi ba inda za ta, ko sau goma ka danna Ctrl da Enter. In amsa kake bayarwa kuma maganar mai nauyi ce, ka cire adireshin tukuna, ko ka rubuta a wani wuri ka kwafo.

Ina roƙon shugabannin ofisoshi, da masu kula da asibitoci, da masu shagunan kwamfuta a Isa da Sabon Birni da Gatawa: ku ware rabin awa a wannan makon, ku zauna da yaranku ku gyara saitin kowace kwamfuta da kowane asusu da ake aika sunayen mutanenmu da shi.