Daga 'ƙayyade iyali' zuwa 'tazarar haihuwa': Yadda kalma ke buɗe ƙofar asibiti ko ta rufe ta

Mutanen Suleja sun san nauyin suna. Da can garin ne ake kira Abuja, kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓi sunan, shi kuma a raɗa masa Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Irin wannan sauyin suna ya daɗe yana faruwa a ɗakunan awon ciki, kuma shi ke sa wata ta je asibiti, wata ta zauna a gida.

A shekarun baya, da an ce "ƙayyade iyali" sai maigida ya murtuke fuska, domin abin da kunnensa ya ji shi ne ana so a yanke masa yawan 'ya'yan da zai haifa. Da ma'aikatan lafiya suka koma cewa "tazarar haihuwa", sai magidanta da malamai da dama suka saurara, saboda batun ba baƙo ba ne. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara 2, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin illar kwanika ga uwa da ɗan goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki.

A Turai da Amurka muhawarar kalmomi ta ɗauki wani salo. A 2021 hukumar wasu asibitocin gwamnati a Brighton da ke Ingila ta fitar da jagora ga ungozomomi kan amfani da kalmomin da ba su ware jinsi ba idan mai haihuwar ba ta ɗauki kanta mace ba, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Hausa ba ta da wannan takaddamar, domin "mai ciki" da "masu juna biyu" ba su ambaci jinsi ba tun asali. Namu aikin shi ne mu duba waɗanda kalmominmu ke kora daga neman magani.

Ta farko ita ce matar da ake kira "juya". Kalmar ta ɗora laifin rashin haihuwa a kan mace ita kaɗai, alhali likitoci sun tabbatar matsalar kan fito daga namiji, ko daga mace, ko daga su biyun. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a rayuwarsu. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da arha, amma sau da yawa matar ce ke yawon asibiti da gidan masu magani, har a yi mata kishiya, maigidan bai taɓa ba da samfuri ba. Idan aka ce "ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri", an gayyaci mijin ke nan zuwa gaban likita.

Na biyu shi ne jaririn da aka haifa al'aurarsa ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba, wanda ake ce wa "mata-maza". Kalmar ta zama abin tsokana a unguwa, shi ya sa iyaye kan ɓoye. Harshenmu kuma ba ya jira: dole a ce "ya" ko "ta", ga ranar suna tana zuwa a kwana na 7. Sai dai malaman fiƙihu sun san wannan halitta tun ƙarnoni da suka wuce, suna kiranta "khunsa", har sun tsara mata hukuncin gado da na salla ba tare da izgili ba.

Ɓoyewar tana da haɗari. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan yanayi shi ne matsalar wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, wadda kan sa al'aurar jaririya ta yi kama da ta namiji. Wasu daga cikin irin waɗannan jarirai jikinsu kan zubar da gishiri a makonnin farko, su riƙa amai, su ƙi shan nono, har a rasa su. Idan an gano da wuri akwai magani. Don haka a kai jaririn ga likitan yara nan take, a nemi gwajin jini da hoton ciki, kada a yi gaggawar kaciya ko tiyata. Mazauna Suleja, Madalla da kewaye suna da Babban Asibitin Suleja, inda za a iya tura su Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja idan akwai buƙata.

Gyaran harshe ba ya cin ko sisi. Ma'aikaciyar jinya za ta iya kiran mace da sunanta maimakon ciwonta, ta daina ɗaga murya a layi da cewa "mai yoyon fitsari" ko "mai ƙanjamau". Uwar miji da dangi su ma su auna abin da suke faɗa a tsakar gida. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka muzanta a bainar jama'a da wuya ta sake komawa awo.