Wayar da Inna za ta iya: Abin dubawa kafin a saya wa iyaye salula

Ranar jajiberin Babbar Sallar bara na isa gida daga Abuja ɗauke da tsarabar da na daɗe ina tanadi: waya sabuwa fil a kwalinta, irin mai faɗin fuska da ake shafawa, wadda ta lashe kusan rabin albashina na wata. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta sa albarka har sai da kunya ta kama ni. Na cire layinta daga tsohuwar ƙaramar wayarta na mayar cikin sabuwar, na nuna mata yadda ake amsa kira sau biyu ko uku, na koma bakin aiki ina ganin na fita kunya.

Bayan mako biyu na kira ta sau bakwai a yini ɗaya ba a ɗauka ba. Hankalina ya tashi, domin tana fama da hawan jini, kuma da rana babu kowa a gidan sai ita. Sai bayan la'asar, da jikarta ta dawo daga Islamiyya, aka kira ni. Lafiyarta ƙalau. Ashe duk lokacin nan wayar tana hannunta tana ruri, ita kuma tana ta danna koren da ƙarfi kamar yadda ta saba, alhali sabuwar wayar jan yatsa take so. "Ɗan nan," in ji ta, "wayarka ta fi ƙarfina. A dawo mini da tawa."

Da yawa daga cikinmu ma'aikatan da aiki ya kawo babban birnin tarayya mun bar iyaye a garuruwan da sai an yi tafiyar yini guda kafin a kai. Waya ce igiyar da ta rage tsakaninmu da su: ta nan ake gaisawa, ta nan ake jin rashin lafiya, ta nan ake sanar da cewa kuɗin cefane ya shiga. Kuskuren da na yi, wanda na ga abokan aiki da dama sun yi irinsa, shi ne auna kyautar da tsadarta. Ma'aunin da ya dace guda ɗaya ne: shin Baba ko Inna za su iya amsa kira, su kuma kira wanda suke so, a lokacin da babu jika ko ɗaya a kusa?

Ido, kunne da yatsa

Kafin a shiga kasuwa, a fara da duba mai wayar. Tun daga wajen shekara 40 ido ke fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, shi ya sa za ka ga dattijo yana nisanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Wayar da za ta dace da shi tana bukatar manyan lambobi, haske mai ƙarfi da ake iya gani ko a tsakar gida da rana, da rubutu baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, ba launukan da ke sajewa da juna ba.

Kunne ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na mutanen da suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani, kuma galibi siririyar ƙara ce ke fara ɓacewa. Don haka a zaɓi waya mai lasifika mai ƙarfi, a sa mata ƙarar kira mai kauri, a kuma kunna girgiza tare da ƙarar. A gwada wannan a cikin hayaniyar kasuwa kafin a biya kuɗi.

Sai yatsa. Fuskar wayar shafawa tana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin fata, kuma busasshiyar fata ba ta isar da shi yadda ya kamata. Tsufa na busar da fata, hunturu ya ƙara busar da ita, aikin gona da na gida su kuma su kaurara ta. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwa za ta shafa sau uku wayar ba ta motsa ba, jikarta ta taɓa sau ɗaya ta buɗe. Idan aka ƙara da rawar hannu, sai a wayi gari an goge lamba ko an kira wanda ba a yi niyya ba.

Akwai kuma sabo. A shekarar 2001 aka fara amfani da layukan GSM a Najeriya. Wanda yake da shekara 45 a lokacin, yau ya kusa 70 ko ya kai, kuma ya shafe fiye da shekara 20 yana danna kore ya amsa, ya danna ja ya kashe. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan sabo jari ne da bai kamata a zubar ba.

Ƙarama ko babba?

Ga iyayen da bukatarsu ba ta wuce kira, rediyo da tocila ba, ƙaramar waya mai madannai, wadda matasa ke yi wa laƙabi da raka-ni-kashi, ita ce ta fi. Irin su Nokia 105 da ƙananan wayoyin itel da Tecno suna da madannin da ake ji a ƙarƙashin yatsa, suna ɗaukar layi biyu, suna jure faɗuwa, da yawansu kuma suna kama tashoshin FM ba sai an jona abin sawa a kunne ba. Wasu na karɓar memori, inda za a zuba karatu, wa'azi ko waƙoƙin da mutum ke so. Akwai waɗanda ake iya mayar da harshensu Hausa, sai a tambaya a gani da ido.

Amma ba duk iyaye ne haka ba. Tsohon malamin makaranta ko tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta saba da karatu, wadda ke son ganin fuskar jikokinta da ke Fatakwal ko Jidda, babbar waya za ta yi mata amfani ƙwarai. Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wa har waɗanda ba su yi boko ba, tunda magana kawai ake yi a saki. Idan za a sayi irin wannan, a nemi mai tsarin sauƙi. Wayoyin Samsung suna da abin da suke kira Easy Mode, wanda ke girmama alamomi ya rage cunkoso. iPhone ta zo da makamancinsa, Assistive Access, tun 2023. Sauran wayoyin Android kuma ana iya ƙara musu girman rubutu daga wurin saiti. A share duk manhajar da ba a bukata daga shafin farko, a bar huɗu ko biyar. A wasu wayoyin ana iya saita maɓallin gefe ya riƙa amsa kira, abin da da na sani da ban sha wahalar ranar nan ba.

Wuta da sabis

Mu da ke ofis mai janareto mukan manta cewa a garuruwa da yawa wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Babbar waya, ko da batirinta ya kai 5,000mAh, da wuya ta wuce kwana ɗaya ko biyu idan ana amfani da ita. Ƙaramar waya mai batirin da bai kai rabin haka ba takan yi kwanaki, saboda ba ta da abin da ke zuƙe mata caji. Wayar da kullum take shagon mai caji ba ta da amfani a daren da ciwo ya tashi, kuma a can ne ake saurin musanya batir ko leƙa saƙonnin banki. Idan babbar aka saya, a haɗa da ƙaramar fitila mai sola da ke caja waya. A kuma fifita mai bakin caji irin na USB-C, wanda ke shiga ta kowace fuska, domin tsohon samfurin yakan lalace idan ana tura shi a juye.

Game da sabis, kada a yi la'akari da layin da ya fi ƙarfi a Maitama ko Garki. A tambayi mutanen garin wane layi ne ke kamawa a cikin ɗaki, ba sai an hau tudu ba. Har yanzu wurare da dama a karkara da 2G suka dogara, don haka kuɗin da za a ƙara saboda waya tana da 5G asara ce kawai.

Layi ya fi waya daraja

Abin da ya fi tsada a hannun iyayenmu shi ne ɗan katin da ke cikin wayar, musamman idan da shi aka buɗe asusun banki. Tun Disambar 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma wa'adin ƙarshe ya cika a Satumbar 2024. A tabbatar layin da sunan mai shi aka yi masa rajista, kuma da NIN ɗinsa aka haɗa. Ana iya dubawa ta *996#. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani ɗan'uwa da ya yi nisa, ranar da ya ɓace dawo da shi zai zama jidali.

Layin da aka bari wata shida ba a yi komai da shi ba, kamfani na iya dakatar da shi, idan zaman ya yi tsawo kuma a sayar da lambar ga wani, saƙonnin banki su riƙa zuwa hannun baƙo. Wannan yakan faru da layi na biyu da aka manta a cikin waya, ko wayar da aka naɗe a ƙyalle aka adana a akwati saboda tsadarta.

'Yan damfara kuma sun san dattawa da ladabin amsa tambaya. Za su kira da murya mai daɗi su ce daga banki ne, ko daga ofishin fansho, ko an ci wani tallafi. A nanata wa iyaye magana ɗaya har ta zauna: banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko BVN, ko lambar da aka turo ta saƙo. Duk wanda ya nema, a kashe waya a kira ɗa. Kada a rubuta lambar sirrin banki a bayan waya ko a cikin jerin sunaye. Sanya wa layi makullin PIN kariya ce mai kyau idan an sace waya, sai dai kuskure uku a jere na rufe shi sai an nemo PUK, saboda haka a auna ko mai wayar zai iya riƙewa. A kuma tura STOP zuwa 2442 domin tsayar da saƙonnin talla, waɗanda ta cikinsu ne tsoho ke danna abin da zai riƙa cinye masa kati bai sani ba, ga shi kuɗin kira ya ƙaru tun bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Wasu na saya wa iyaye babbar waya ne saboda fansho. Gaskiya ne 'yan tsohon tsarin fanshon tarayya da ke ƙarƙashin hukumar PTAD suna tabbatar da cewa suna raye lokaci-lokaci ta shirin I Am Alive, wanda ke bukatar waya mai kyamara da intanet ko kwamfuta. Amma aikin na 'yan mintuna ne, kuma ana iya yin sa da wayar ɗa ko amintaccen jika. Bai kai dalilin da za a ɗora wa dattijo wayar da zai yi shekara yana kokawa da ita ba.

A kasuwa da bayan kasuwa

Ko a Banex da ke Wuse 2 za a saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko a shagon garinku, a danna *#06# a ga lambar IMEI ta yi daidai da ta jikin kwali, a karɓi rasit da takardar garanti. A fifita samfurin da mai gyaran garin iyayen ya sani, wanda ake samun batirinsa da cajarsa a can. A guji miƙa musu tsohuwar wayarmu da batirinta ya gaji, wadda ke cike da asusunmu da manhajojinmu. Idan da hali, a tafi da mai wayar ko a kai masa biyu ya riƙe ya zaɓa.

Sauran aikin a gida yake, kuma shi ne wanda muka fi gaggawa a kansa. A jera lambobin kiran gaggawa a madannai 2 zuwa 9, ta yadda dogon danni ɗaya zai kira babban ɗa, wani ya kira maƙwabci, wani ya kira mai kemis ko direban da aka amince da shi. A sa sunaye yadda suke kiran mutane a baki, a babbar waya kuma a haɗa da hoto. A koya musu *310# na duba kuɗi da *311# na saka kati, waɗanda tun 2023 suka zama iri ɗaya a dukkan layuka, da 112 na neman agaji kyauta a inda cibiyoyinsa ke aiki. A rubuta muhimman lambobi a takarda da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, a liƙa a bango. Sannan a fita waje a kira su, su amsa da kansu, su ma su kira, a maimaita har sai hannu ya faɗa. A yi haƙuri da tambaya ɗaya sau goma. Su ma haka suka yi da mu.

Ni dai a ƙarshen watan na koma gida na saya wa Inna ƙaramar waya mai manyan madannai, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ba. Babbar tana nan a gidan, ranar Juma'a da yamma jikarta kan haɗa mu a bidiyo ta ga yarana. Lambata tana kan madanni na 2. Yanzu kusan kullum bayan sallar asuba ita ke riga ni kira, ta tambayi yadda muka kwana, ta ba ni labarin farashin masara a kasuwar garin, ta kashe wayarta da kanta.