Santsi da Tuntuɓe a Cikin Gida: Tsokaci Daga Obi

Hausa ta bambanta zamewa da tuntuɓe. Zamewa santsi ke haddasa ta, shi kuwa tuntuɓe cikas ne a gaban ƙafa, don haka rigakafinsu ya sha bamban.

A Obi ta jihar Nasarawa, damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. A tsawon wannan lokaci gansakuka takan mamaye bakin rijiya da daɓen makewayi, musamman inda ruwan sabulu ke kwanciya. Maganinta shi ne a karkata daɓen zuwa rariya, a riƙa kankare shi, a kuma bar fuskar simintin da ɗan kaushi. Tayil mai sheƙi kuwa, duk da kyansa, a ganinmu bai dace da wurin wanka ba.

Tuntuɓe ya fi barazana da asuba, sa'ad da dattijo zai tsallaka dokin ƙofa cikin duhu don yin alwala. Fitila a kusa da shimfiɗa da kawar da taɓarya daga hanya sukan rage haɗarin.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma abin ya fi shafar waɗanda suka haura shekara 60. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, asibiti ya kamata a nufa da shi, domin karayar ƙugu takan bukaci tiyata.